Goshi a Kan Tabarmar Roba

Tremont, Bronx,
ranar Alhamis.

Zuwa ga Saraya, mai sunan mahaifiyata.

Uwata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Lokacin da za ki karanta wannan takarda kin riga kin sauka Buffalo, kin buɗe babban akwatin nan, kin tarar da ita a ƙarƙashin ƙullin daddawa da kukar da mahaifiyarki ta cusa miki. In ta ɗauki wari ki yi haƙuri, can ne kaɗai na tabbata hannunki zai kai. Allah ya sa kin isa lafiya. Ya tsare ki a kan hanya da cikin ɗaki, ya tsare ki daga sanyin garin nan da kowa yake tsorata mu da shi, ya haɗa ki da maƙwabtan da in an ƙwanƙwasa musu ƙofa suna buɗewa.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san ki. In da Turanci ne, a tsaye za ki karanta, ido ɗaya a kan waya, ki gama kafin ruwan shayi ya tafasa. Hausa kuwa za ta zaunar da ke. Inda kalma ta gagare ki ki kira ni, ko banza na ji muryarki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Tambayar da kika yi mini ran Lahadi ce ta sa na ɗauki biro. Muna cin tuwo kika ajiye cokali, kika yi magana da Turanci kamar kullum, ni kuma ga yadda ta shiga kunnena: "Baba, tambaya zan yi maka, kuma ba na son wasa. Aikin asibiti zan yi, amma ran Asabar zan riƙa koyar da yoga. In a wurinka mai yin wannan ba Kirista ba ne, ka gaya mini yanzu, don kada in wahalar da kaina da neman coci a can."

Kin ce ba kya son wasa, ni kuma wasan na yi. Na ce Kiristan da ke iya kai ƙafarsa bayan wuyansa ai ya wuce sanina, sai dai in roƙe shi ya sa ni a addu'a. Ba wanda ya yi dariya. Mahaifiyarki ta jawo ƙarfen da take dogarawa, ta miƙe a hankali, ta shige ɗaki. Ke kuma kika kwashe kwanuka. Na zauna ni kaɗai da barkwancina, ya huce tare da miyar.

Na fahimci abin da kika aza a kan teburin. In na ce a'a, ba yogar za ki bari ba, cocin za ki bari. Na riga na yi asarar mutum ɗaya a gidan nan ta wannan hanya, tana nan tana barci a gado ɗaya da ni. Saboda haka zan ba ki amsa, amma sai na fara ba ki labarin da kika san bakinsa kawai, domin shekararki goma sha huɗu lokacin, kuma a gidanmu ba a yi wa yara bayani, sai dai su tsinta.

A lokacin mahaifiyarki tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ta ɗaga su daga gado, ta kai su banɗaki, ta yi musu wanka, ta mayar da su. Akwai wani tsoho da ya kusa ninka ta a nauyi, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai ita. Bayanta ya fara ciwo. Na san yana ciwo, irin sanin da mutum yake yi wa yaƙin da ake yi a wata ƙasa: na ji labari, na ce Allah ya sawwaƙe, na koma kan littafina.

Wata rana da asuba na fito shan ruwa, sai na gan ta a falo. Ta shimfiɗa wata 'yar tabarma mai tsawon mutum ɗaya, ta fuskanci taga, kanta a ɗaure da ɗankwalin barci, ta durƙusa, ta miƙa hannuwa gaba, goshinta a ƙasa. Tagar falonmu gabas take kallo.

Ke da aka haifa a Bronx ba za ki ji abin da na ji ba. A ƙauyenmu gidajen Kirista ana iya ƙirga su daga kan jaki ba tare da an sauka ba. In ka ga naka da goshi a ƙasa da asuba, fassara ɗaya ce. Yayana Haruna ya musulunta yana aiki a Kano, kakarki ta yi kuka kamar gawarsa aka kawo, ko da yake har ta rasu shi yake aiko mata da atamfar Kirsimeti. Da wannan idon na kalli mahaifiyarki. Na koma ɗaki ban sha ruwan ba. Washegari na sake leƙawa, na ga goshi a ƙasa, na janye. Da na tsaya minti kaɗan da na ga sauran. Ban tsaya ba, na riga na ga abin da nake tsoro.

Sai na fara haɗa hujjoji, aikin da na ƙware a kai. Ƙawarta ita ce Hajiya Ramatu ta benen sama, mutuniyar Maraɗi. Kullum suna tare. Da Sallah ta ba ta mayafi. Me kuma ya rage? Na sa hulata na tafi shagon mijinta, Alhaji Mahamadu, na same shi yana auna wa wata mata gero.

Na ce, "Alhaji, mun daɗe muna zaman lafiya da ku a benen nan ko?"

Ya ce, "Ƙwarai, Malam Ishaya. Lafiya dai?"

Na ce, "Naman Sallarku mun ci, shinkafar Kirsimetinmu kun ci. Me ya sa za ku zagaya ta bayana ku ɗauke mini mata?"

Ya ajiye kwanon awo. Ya sa na maimaita. Sannan ya kira Hajiya a waya, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji, har da mai geron da wasu samari biyu da ke sayen katin waya. Da farko ba ta gane ba. Da ta gane, sai dariya ta hana ta magana.

"Rifkatu? Salla? Malam, ai na gan ta tana yi! Wace salla ce ake kafa hannu da ƙafa a ƙasa a ɗaga ƙugu sama? A asibiti aka koya mata saboda bayanta, yoga suke ce masa. Ni ma ta ce in zo mu yi, na ce gwiwata ta Maraɗi ce, ba ta yi boko ba."

Alhaji mutum ne mai kirki, ya danne tasa dariyar har gemunsa yana rawa. Ya ce, "Bon, to, Malam Ishaya. In ta shigo wajenmu muna murna, amma wannan ba tamu ba ce. Ka je ka nemi masu ita." Ya ba ni kwalbar lemo ya ƙi karɓar komai, irin alherin da ake yi wa wanda ya faɗi a tsakiyar kasuwa.

Tsakanin inda na tsaya a asubar nan da inda ta durƙusa bai fi tsawon tabarmar ba. Ni kuwa na zagaya ta shagon Alhaji. Uwata, in kin ga naki yana yin abin da ya tsorata ki, ki tambaye shi kafin ki tambayi kowa. Ki tambaya tun tsoron yana ɗanye, domin in ya kwana yakan wayi gari da shaidu.

Da mai hankali ne, da ya koma gida ya ba matarsa labari sun yi dariya har sun yi hawaye. Ni mai karatu ne. An daɗe ana ɗauka karatu abu ɗaya ne da hankali, ni kuma ban taɓa ƙaryatawa ba. Kin san aikina: malamin tarihi ne ni a gida, a nan kuma mai tura keken littattafai a laburare, ina mayar da kowanne gurbinsa. Ranar da na bar shagon Alhaji da kunya har wuya, na wuce kai tsaye layin da ake ajiye littattafan addinan Indiya. Na kwashi masu yawa. Na samu abin da na je nema. Yoga ya fito daga cikin ibadar mutanen Hindu. Akwai jerin motsin da gaisuwa ce ga rana. Akwai tsayuwar da aka sa wa sunayen waɗanda suke girmamawa. Akwai sautin da ake ja da murya, wanda a wurinsu mai tsarki ne. Duk wannan gaskiya ne, ban ƙirƙira ba, yau ma ba zan janye ba. Amma ba gaskiya na je nema ba. Na je neman abin da zai nuna cewa ban tsorata a banza ba, cewa mutumin da aka yi wa dariya a gaban buhun gero ya hango haɗarin da jahilai ba su gani ba. Ki yi hankali da karatun da kika yi kina jin kunya. Littafi ba ya musu da mai jin haushi, shafin da kika buɗe shi zai ba ki.

Kin san ikilisiyarmu. Iyalai kaɗan masu sujada da Hausa, wasu daga nan Bronx, wasu daga unguwar Jamaica, wasu sai sun hau jirgin ruwa daga Stapleton. Ni ɗaya ne daga cikin dattawa. Na kai maganar gabansu da takardun da na kwafo, na ja layi a ƙarƙashin wuraren da suka fi tsoratarwa. Fasto Markus, wanda duk mako yake lodin kaya a filin jirgi, ya san ciwon baya fiye da duk marubutan da na karanta. Ya ja ni gefe ya ce, "Dattijo, wannan maganar gida ce. Ka koma ka shafa mata man zafi." Na ce in dattijo ya rufa wa matarsa asiri, da wane baki zai tsawata wa matar wani? Magana ce mai daɗin ji, har yau ina jin yadda ta fito. Ya dube ni ya ce to.

Aka kira ta. Wani dattijo ya ce, "Rifkatu, kin san asalin abin nan da kike yi?"

Ta ce, "Ban sani ba, Baba. Na dai san in na yi, ina iya ɗaura takalmina da kaina."

A gida, wanda aka yi wa horo bencin baya yake zama, kuma ba ya cin jibin Ubangiji sai ya tuba a gaban jama'a. Mun taho da wannan al'ada, ko da yake bencin bai shiga jirgi ba. Kujerun ƙarfe masu naɗewa muke da su. Sai aka ɗauki ɗaya aka ajiye kusa da ƙofa, wajen da ake rataye rigunan sanyi. Can ta zauna. Ran jibi, ni nake zagayawa da farantin gurasa, don aikina ne tun da aka kafa ikilisiyar. Na bi layi-layi har na zo na ƙarshe. Daga nan zuwa kujerarta taku kaɗan ne. Tana kallon tafin hannunta. Na juya da farantin na koma gaba. Kina cikin 'yan mawaƙa a ranar, da farar riga. Kin kalle ni. Na daɗe ina fatan kin manta, ran Lahadin nan na gane ba ki manta ba.

Ba ta yi gardama ba. Da lokaci ya yi ta tsaya a gaban jama'a ta ce ta yi kuskure, a yafe mata. Aka yi tafi, aka yi waƙa. Ta naɗe tabarmar ta sauka da ita wajen shara da kanta. Tun daga ranar ta daina ce mini Malam, sunan da take kirana da shi tun ina zuwa zance da keke. Dattijo take ce mini, har a cikin ɗaki. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, abincina bai taɓa makara ba. In kina son ki san yadda ladabi yake yanka, ki zauna da shi shekara da shekaru.

Sauran kin gani da idonki. Bayan ya ci gaba da lalacewa, aka yi tiyata, aka sake yi, aikin ya gagara, ƙarfen dogarawa ya shigo gida. Na tambayi likita ko da ta ci gaba da motsin nan da ba a kai ga haka ba. Ya ce ba wanda zai iya sani. Na riƙe wannan magana tasa kamar yadda ake riƙe ƙarfen jirgin ƙasa in ya cika da safe. Ba daɗi take yi mini ba, faɗuwa kawai take hana ni.

Kada ki taɓa kai naki gaban jama'a don ki wanke kanki. In har ya zama dole a yi wa wani horo, ki duba ko akwai wanda horon yake yi wa daɗi. In ke ce, ki fita daga ɗakin.

Allah kuma yana da nasa barkwancin, ya fi nawa kaifi. Bayan 'yan shekaru aka tashe mu daga inda muke sujada, muka yi ta neman wuri. Inda muka samu shi ne ɗakin nan na hawa na uku da kika sani, mai madubi bango guda, wanda daga Litinin zuwa Asabar matan unguwa suke yin yoga a ciki. Kowace Lahadi zumuntar mata sukan rufe madubin da zannuwansu, don kada mu ga kanmu muna waƙa. Tabarmin roba suna jibge a lungu, a kansu yara suke barci in wa'azi ya yi tsawo. Ba dattijon da ya ce uffan, har da ni. Da na gaya wa mahaifiyarki inda muka koma, sai ta ce, "To. Ashe ɗakin ya tuba." Sau ɗaya ta hau. Ta ce matakalar ta fi ƙarfinta. Matakalar gaskiya ce. Amma na ga ta hau wadda ta fi ta tsawo ran sunan jikar Hajiya Ramatu.

Yanzu ga amsarki.

Kirista ce ke. Na duba iyakar dubawata, ban ga inda miƙa baya da jan numfashi suke raba mutum da Almasihu ba. Jikin nan shi ya yi shi, kuma babu addinin da ya mallaki gwiwa. Mu muna durƙusa wa iyaye da surukai, ba mu taɓa cewa bauta musu muke yi ba. Alhaji Mahamadu yana sa goshi a ƙasa, mahaifiyarki ta sa, kakanninmu sun sa a gaban abin da suka sa wa. Goshi iri ɗaya ne, inda aka aika shi ne ya bambanta.

Amma ba zan ce miki motsa jiki ne kawai ba, don wannan ma ƙarya ce, irin ta masu talla. Akwai wani abokin aikina a laburare, Mista Ramlal, mutumin Guyana, ɗan Hindu. Shi ya ga littattafan da na kwasa a wancan lokaci. Da daɗewa bayan haka na ba shi labarin, na zaci zai yi dariya kamar Hajiya. Bai yi ba. Ya ce mahaifiyarsa takan yi kowace safiya kafin ta taɓa abinci, kuma a wurinta ibada ce daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Ku kuna tsoronsa, mutanen Manhattan suna sayar da shi, mu kuma ba wanda ya tambaye mu." Kin ga ke nan abin yana da masu shi, yana da gida. Wanda ya ce babu komai a ciki ya raina su, kamar yadda ni na raina mahaifiyarki da na ce babu komai a ciki sai shaiɗan.

Abin da ya fi taimaka mini ba daga littafi ya zo ba, daga kakanki ne, kuma ina da shi tun kafin in je shagon Alhaji, ban dai tuna ba. Mahaifina Bamaguje ne, ɗan mai magani. Da ya karɓi bishara, mai wa'azin ya ce a fito da kayan gado a ƙone. Ya fito da layu da ƙahoni da rigar bori, ya sa musu wuta da hannunsa. Da aka zo kan saiwoyi da sassaƙe sai ya tare ƙofa. Ya ce saiwar nan Allah ne ya tsirar da ita tun kafin a san sunan iskar da ake kira a kanta. Har ya tsufa yana ba masu ciwon ciki, da addu'a, ba tare da an yanka baƙar kaza ba. Amma mutumin nan, in ya ji an fara kaɗa garaya a ƙauye, ko da ta biki ce, sai ya ɗauki fartanya ya tafi gona, ko da rani ne babu abin nomawa. Na tambaye shi dalili ina yaro. Ya ce, "Ƙafata tana amsawa." Bai taɓa hana kowa sauraro ba. Ƙafarsa ya sani, ba ta wani ba.

To, ki riƙe saiwar. Amma ki san garayarki. Kada ki rera abin da ba ki san ma'anarsa ba, in kuma kin sani, kin ga ba za ki iya faɗarsa a gaban Ubangiji ba, ki rufe bakinki, ba wanda zai kore ki. In an ajiye siffa a gaban ɗaki ana sunkuya mata, ke ki tsaya a miƙe, ba da raini ba. In mai koyarwa ya fara cewa Allahn da kike nema ke ce da kanki, to an bar miƙa jijiya an shiga wa'azi. Ni na san wa'azi in na ji shi, ko da mai yin sa ba shi da takalmi. Waɗanda za ki koya wa kuma ki gaya musu gaskiya: ga inda abin ya fito, ga abin da kika ɗauka, ga abin da kika bari. In wata rana kika ji ƙafarki tana amsa abin da ba na Almasihu ba, ki ɗauki fartanyarki. Wannan ke kaɗai za ki sani. Babu dattijon da zai iya hango shi daga bakin ƙofa, na gwada.

In kuma kin haɗu da Kiristan da ya ce zuciyarsa ba ta yarda da yoga ba sam, kada ki yi masa kallon ɗan ƙauye. Ba dukansu ne irin mahaifinki ba. Wasu irin kakanki ne, sun san abin da suka baro, kuma sun biya kuɗinsa da jikinsu.

Bari in gaya miki ainihin tsorona, tunda yau ranar faɗa ce. Ba gumaka nake ji miki ba. Ɗakin yoga wuri ne mai tsabta, mai shiru, kowa da tabarmarsa, ba mai taka ta wani. Coci kuwa cike yake da mutane, kuma kin ga abin da mutane suke iya yi. Ina tsoron ki auna biyun ki zaɓi inda ba a ji miki ciwo. Ba zan ga laifinki ba. Sai dai lokacin tiyatar mahaifiyarki, matan nan da suka kau da kai ran kujerar, su ne suka yi ta ƙetare ruwa daga Stapleton da kwanukan fate da kunu, suka wanke ta, suka kwana a kujerar asibiti. Mutane ɗaya ne. Na kasa raba su, na daina ƙoƙari. Ki nemi coci a Buffalo. Ran farko ki gaya wa faston abin da kike yi ran Asabar, kada ki bari wani mai karatu ya riga ki. In ya ajiye miki kujera a bakin ƙofa, ki gaishe shi da ladabi ki nemi wani cocin. Amma kada ki ɗauka Ubangiji mai teburin ne ya juya miki baya. Farantin nan ba nawa ba ne, Uwata. Ɗauka kawai aka ba ni, na yi abin da na yi da shi.

Saura abu ɗaya. Shekaranjiya da safe, kin fita sayen takalman sanyi, na ɗauko tsohuwar tabarmarki daga bayan ƙofa, wadda kika ce ba za ki tafi da ita ba. Na daɗe da sanin tana nan. Tun kina jami'a nake jin motsi a ɗakinki da safe, ina gaya wa kaina kujera kike gyarawa. Na shimfiɗa ta a gaban tagar falo. Mahaifiyarki tana zaune a kujerarta da shayi. Na ce bayana ne yake damuna, wanda gaskiya ne, keken littattafan ya fara karɓar hakkinsa. Na fara sunkuyawa.

Ta ce, "Gwiwa ake fara kaiwa. Haka za ka karye."

Na kai gwiwa. Ta ce in zauna a kan dugadugaina, in miƙa hannu gaba. Na yi, ƙasusuwana suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Goshina ya taɓa robar. Daga nan, ban ɗago ba, na yi tambayar da ya kamata in yi a waccan asubar.

"Rifkatu, lokacin da goshinki yake ƙasa, me kike faɗa?"

Na ji ta ajiye kofi. Na ji motar shara ta wuce a titi.

"Dattijo, yanzu kake tambaya?"

Na ce, "Yanzu."

Ta ce, "Shayinka zai huce."

Iyakar amsar ke nan. Mai yiwuwa addu'a take yi, mai yiwuwa numfashi take ƙirgawa, mai yiwuwa tunanin tsohon nan mai nauyi take yi. Na yi mata hukunci a kan abin da har yau ban sani ba, kuma ina jin haka zan mutu ban sani ba. Da na zo tashi sai gwiwar ta ƙi. Na yi ta yunƙuri. Can sai na ji ƙarar roba a kan katako, ta turo mini ƙarfen dogarawarta. Ta ce, "Kama nan, kada ka sa in kira 'yan kwana-kwana." Da shi na miƙe.

Jiya na roƙi Fasto Markus ya zo ya ba ta jibin Ubangiji a gida, ya taho da wani ya riƙe farantin. Na gaya mata. Ta ce za ta yi tunani. Tana nan tana yi.

Saboda haka ke zan tambaya, tun da sauran lokaci. In kin sa goshinki a ƙasa, me kike faɗa? Ba don in kai wa dattawa ba. Ki amsa da Turanci in kin ga dama, ki amsa a makare in kin ga dama. In ma babu abin da kike faɗa, ki gaya mini haka, zan ji ba tare da na buɗe littafi ba.

Ubangiji ya rufe ki da hannunsa a garin da ba mu san kowa ba. Ya tsare bayanki daga nauyin marasa lafiya, ya tsare ƙafarki a kan ƙanƙara, ya tsare zuciyarki daga masu sayar da shiru da masu ajiye kujera. Ya ba ki wurin zama a teburinsa, ya sa wanda zai miƙo miki gurasa ya fi mahaifinki sanin darajar abin da yake riƙe da shi. Ya dawo mana da ke lafiya da Kirsimeti. Daddawar ki sa ta a kwalba mai murfi, maƙwabta ba za su gane ba.

Ɗanki, kuma mahaifinki,
Ishaya